Daga Birnin Tsaba Zuwa Lilon Kano

Tun cikin kaka, ranar da muka gama sussukar gero, na yi wa yara alkawari. Na ce in Allah ya kai mu ƙaramar Sallah da rai da lafiya, zan kai su Kano su ga zaki da idonsu, su kuma hau lilon da lantarki ke juyawa. Su uku ne: babbar ɗiyata mai shekara 12, ƙanenta mai 9, sai Auta da bai cika 6 ba. Alkawari kaya ne, balle wanda aka yi wa yaro. Daga ranar ba a yi mako guda ba tare da wani cikinsu ya tuna mini ba.

Abin da ya sa na ɗauki wannan nauyi, ni na san yadda na tashi. A zamaninmu in farin wata ya fito, dandali cika yake. 'Yan mata na gaɗa, mu muna langa, har sai iyaye sun fito da kara sun kora mu gida. Yarana ba su san wannan ba. A ƙasar Zurmi yau, ana sallame isha'i kowa ke jan ƙofarsa, kuma ƙarar babur da dare ta ishi uwa ta tattara 'ya'yanta ɗaki guda. Auta bai taɓa wasan dare ba ko sau ɗaya. Wannan abu yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa a gida.

Babbar ce ta ɗauki shirin tafiyar a kanta. Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamban 2022, aka kuma saka Meta AI cikin WhatsApp a Najeriya a watan Afrilun 2024, mataimakan nan masu ƙirƙirarriyar basira sun shigo har ƙauyuka, duk inda sabis ke kamawa. Akwai ɗaya daga cikinsu a wayata. Takan ɗauki wayar ta tafi bayan makarantar firamare inda sabis ya fi ƙarfi, ta rubuta tambaya da Hausa, ya ba ta amsa da Hausa. Shi ya lissafa mata Gidan Zoo da Dutsen Dala da Gidan Makama da Kasuwar Kurmi. Ya kuma ambaci wani wurin wasan yara, ya ce ana buɗewa da ƙarfe 10 na safe, ya faɗi kuɗin shiga, ya jera irin lilon da ke ciki. A kan wannan lissafi na sayar da wake buhu biyu.

Daren da za mu tashi na karɓi wayar na yi masa tawa tambayar. Na ce, hanyar Kaura zuwa Gusau lafiya take yau? Ya ce ba shi da hanyar sanin abin da ke faruwa a yau, in tambayi mutanen wurin. Na ji daɗin wannan amsa, domin gaskiya ce. Ban lura a lokacin ba cewa a kan maganar wurin wasan bai yi irin wannan togaciyar ba.

Washegarin Sallah muka fito. Da can matafiyi da asuba yake sammako. Yanzu ba mai fita sai hantsi ya dubi ludayi, sai an ga motar farko ta iso daga can ɓangaren. A wurin da muke jiran mota, kowa idonsa na kan ɗan kamasho, shi kuma kunnensa na kan waya. Ya kira direban da ya wuce da safe, ya kira wani mai shayi da ke bakin hanya a gaba, ya kira wani ɗan'uwansa. Sai da bakin mutum uku ya zo ɗaya sannan ya buga bayan motar ya ce a shiga. A kan hanya ma aikin bai ƙare ba. Duk motar da muka yi kiciɓis da ita, direbanmu zai rage gudu ya leƙa.

"Ya baya?"

"Lafiya lau, ku wuce."

In kuwa aka ɗan jima ba a ga mota ta taho daga gaba ba, sai ya gangara gefe a gari na farko ya kashe inji, ba mai ce masa don me. Sau ɗaya muka yi irin wannan tsayuwa kafin Kaura, ta kusan rabin awa, har wata motar itace ta ɓullo direbanta ya ɗaga hannu. Mutanen birni suna ganin wannan kamar tsoro ne kawai. Ni ina ganinsa ilimi ne da wuya ta koya mana. Labarin jiya ba ya raka ka hanyar yau. Mun ƙara sanin darajarsa a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk jihar Zamfara. Makonni muka yi, wasu wuraren watanni, muna rubuta wasiƙa a takarda muna ba direbobi, kamar zamanin kakanninmu.

A Kaura Namoda na nuna wa yara tsohon layin dogo. Nan ne ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya iso a 1929, ana lodin gyaɗa da auduga. Mahaifina yana ba mu labarin yadda kukan jirgi ke gaya wa duk gari lokaci. Yanzu awaki ke kiwo tsakanin ƙarafan. Na tsakiyan ya tambaye ni wane ne Namoda, na ce masa jarumi ne na zamanin jihadin Shehu, garin sunansa ya ci. Muka sayi waina da fura mai sanyi a bakin tasha, mai furar ta ƙara wa Auta nono ludayi guda ta ce goron Sallarsa ne.

A Gusau muka sauya mota. Nan kuɗin wake ya fara narkewa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kujerar mota ta zama abin da ake shawara a kai kafin a biya. Na biya kujera uku, Auta a cinyata. Muka wuce Dutsen Kwatarkwashi yara na leƙe ta taga suna neman mikiya, muka wuce Tsafe, muka shiga ƙasar Katsina ta 'Yankara. Shingayen jami'an tsaro ba su ƙirguwa, amma ba inda aka riƙe mu. A Funtuwa muka yi azahar muka ci shinkafa da wake da mai da yaji. Daga nan na lura kafaɗun fasinjoji sun sauka, hira ta ɓarke, wani dattijo ma har gyangyaɗi. Bakori, Malumfashi, Dayi, Gwarzo. Ana kiran magariba muka sauka a Kabuga, fitilun motoci sun cika titi, yarana sun riƙe rigata ta ko'ina.

Masaukinmu gidan ɗan yayata ne a Sheka. Yaron ya yi karatun kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaura, yanzu yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre, da dare kuma yana koyon haɗa manhaja. Ciki da falo yake haya. Shi da matarsa suka bar mana falon dungurungum, suka shimfiɗa katifa, suka kawo tuwon shinkafa miyar taushe da kaza. Na kwance tsarabata: daddawa, garin kuka, man shanu kwalba guda, da hoce da uwar yaran ta yi masa don ta san yana so. Ya ɗauki hocen ya daɗe yana kallo kafin ya gutsura.

Abin da ya fi ba ni mamaki a gidan ruwa ne. Kowace jarka saye ake daga masu kura, har na wanka. A garinmu ruwa wahalar ja ce kawai, ba a kai kuɗi bakin rijiya. Da na gane haka na hana yara ɓarnar ruwa, matar ta ji ni ta fito ta ce, "Haba Kawu, baƙo da ruwan wanka? Ku yi yadda kuke so." Itace ma saye, wurin ajiye babur ma saye. Amma da dare na ji yaran unguwa suna ƙwallo a ƙofar gida har ƙarfe 10, na ce a raina wannan kaɗai ya biya kuɗin jarka.

Da safe muka hau A Daidaita Sahu, ƙarfe 10 saura muna ƙofar wurin wasan. A kulle take. Wani dattijo mai gadi yana zaune a benci yana jan carbi. Na yi sallama na gaya masa abin da ya kawo mu da inda muka fito. Da ya ji Zurmi sai ya tashi ya ba yara bencin, ya shiga ya ɗebo mana ruwa.

"Malam, wa ya ce muku ƙarfe 10? An daɗe da sauya wannan. Sai bayan azahar ake ta da janareto, man dizal ya yi tsada. Kuma kuɗin Sallah daban yake da na sauran kwanaki."

Kuɗin da ya faɗa ya ninka wanda na rubuta a takarda. Ya ƙara da cewa babban lilon nan mai kamar ƙafar keke, wanda ɗiyata ta kwana tana zancensa, yana jiran gyara. Na dubi fuskarta na ga ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi. Dattijon ma ya gani. Ya ce mata, "'Yata, dokin nan mai juyawa yana aiki, motocin karo ma suna aiki. Ku je ku dawo da wuri. In kun kai la'asar layi zai kai bakin titi." Duk abin da na so sani tun daga Birnin Tsaba yana bakin wannan mutum: lokaci, farashi, abin da ke aiki, da sa'ar da cunkoso ke yawa. Ban taɓa tunanin nemansa ba, don ban san da shi ba.

Muka tafi Gidan Zoo mu cike lokacin. An gina shi a zamanin Audu Bako, gwamnan farko na jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, mutumin da ya yi madatsun ruwan Tiga da Bagauda. Na daɗe ina jinjina wa wanda zai tsaya cikin hidimar dam da tituna ya tuna cewa yaran talakawa ma suna bukatar wurin zuwa. Itatuwan da aka shuka a lokacin su ne suka yi mana inuwa ranar, cikin zafin bazara. Jama'a kuwa kamar an yi ɓarin gero: 'yan mata da lalle har gwiwar hannu, samari da sababbin shaddodi, masu hoto, masu ƙanƙara, masu gurasa. Na saya wa yara bandashe, suka ce gurasar Kano ta fi burodi.

Zakin yana kwance bai ko ɗaga kai ba, amma na tsakiyan ya tsaya gabansa kamar an dasa shi. Auta kuwa kura ce ta tafi da hankalinsa. Duk tatsuniyoyin kakarsa na Gizo da kura, bai taɓa sanin kamanninta ba. Ya ja hannuna da ƙarfi ya ce, "Baba, wagga kura ta?" Wasu yaran Kano da ke gefe suka kwashe da dariyar Hausarsa. Uwarsu ta tsawatar musu, ta durƙusa ta tambaye shi sunan garinsu, ta ba shi alawa. Muka ga jimina, muka ga kada, muka daɗe wurin birai.

Daɗewar nan ce ta sa muka saɓa wa shawarar mai gadi. Sai dab da la'asar muka koma, muka tarar da layi yadda ya faɗa. Fiye da awa guda muna tsaye, Auta ya yi barci a kafaɗata. Ba mai iya gaya maka saura minti nawa, kowa dai yana leƙen gaba. Na rage abin da na ware wa tsarabar komawa na sayi tikiti uku. Da dokin ya fara juyawa, fitilu na walƙiya, babbar da ta wuni a takure ta saki ƙarfen ta ɗaga hannu biyu tana ƙyalƙyala dariya. Rabona da jin wannan dariya tata har na manta. Na juya baya na share idona.

Da dare, bayan yara sun kwanta, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ni da ɗan yayata. Na ba shi labarin ƙarfe 10 ɗin da mataimakin wayar ya faɗa mana. Bai yi mamaki ba.

"Kawu, ba ƙarya ya yi niyyar yi ba. Ka ɗauke shi kamar malamin da ya karance littattafan duniya, sannan aka rufe shi a ɗaki ba taga. Duk abin da aka rubuta kafin a rufe ƙofa ya sani. Abin da ya faru bayan nan, sai in an ba shi ɗan aike."

Ya ɗauko kwamfutarsa ya nuna mini yadda ɗan aiken yake. A jihar Fulorida ta Amurka akwai Walt Disney World, wanda aka buɗe a 1971, ƙanen Disneyland na Kalifoniya da aka buɗe a 1955. A can kowane lilo yana da allo a ƙofarsa da ke nuna minti nawa mutum zai yi a layi, kuma lambar nan tana fitowa a manhajar wayar duk wanda ya shiga. Akwai shafuka masu zaman kansu, irin su Queue-Times, da ke tattara waɗannan lambobi daga wuraren wasa na ƙasashe da yawa, suna sabunta su bayan 'yan mintoci, suna kuma barin masu haɗa manhaja su ɗiba. Mu muna ƙarfe 9 na dare, su suna 4 na yamma. Ina zaune a Sheka ina kallon lambar wani layi a Amurka tana sauyawa, wani lilo kuma an rubuta a gabansa cewa an dakatar da shi.

Ya ce a watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida da ake kira MCP, wadda ke shimfiɗa yadda mataimaki zai yi magana da irin waɗannan rumbunan bayanai. In an haɗa su, ka tambaye shi wane lilo ne layinsa ya fi gajarta yanzu, ba zai amsa da ka ba. Zai tura tambayar can, a dawo masa da lambar wannan minti, sannan ya tsara maka: fara da wannan, ka ci abinci, ka koma wancan in rana ta yi sanyi. Ya gwada a gabana da Hausa, amsar ta zo da lambobin da muke gani a allo.

Na tambaye shi su kuma daga ina lambar ke fitowa tun asali. Amsarsa ce ta fi zama mini a rai. Ya ce a da hanyar da suka yi shekaru da yawa suna bi ita ce ma'aikaci ya miƙa wa wani mai shiga layi jan kati ya rataya a wuya, in ya kai gaba ya miƙa wa wani ma'aikacin, na'ura ta lissafa tsawon lokacin da katin ya yi a hanya. Na ce ashe direban da ya wuce da safe ne. Ya yi dariya ya ce shi ne, Kawu. Duk wannan fasaha, a ƙarƙashinta akwai mutumin da ke tsaye a wurin yana gani da idonsa. In babu shi, mataimakin zai koma kan tsohon rubutun da ya taɓa karantawa, ya faɗe shi da murya mai daɗi kamar yau aka rubuta. Ra'ayina shi ne nan laifin yake. Abin da ya ce mini a kan hanyar Gusau, shi ya kamata ya ce a kan kuɗin tikiti: wannan tsohon labari ne, ka bincika. Mai kuɗi in farashi ya ninka zai sa hannu a aljihu. Wanda ya sayar da wake ya taho daga Zurmi, lissafinsa ba shi da rarar da zai ɗauki kuskuren wani.

Yaron yana da buri. Yana so ya samu masu gadi da masu sayar da tikiti na wuraren wasan Kano su riƙa tura saƙo sau uku a rana: an buɗe, kuɗin shiga kaza, lilo kaza ya tsaya, layi ya kai wuri kaza. Ya ce haɗa wannan da mataimaki aikin mako guda ne. Abin da ya fi wuya shi ne mai wurin ya yarda a sanar da duniya cewa injinsa ya lalace, da kuma wanda zai riƙa sa wa mai gadi kati a waya. Na ce masa ya fara da dattijon nan.

Sai na kawo maganar da ke cina tun da muka zauna. Na ce, to me zai hana a yi wa hanyarmu haka? Direbobi su riƙa turawa, kowa ya duba waya ya san ko Kaura zuwa Zurmi ta buɗe. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Kawu, layin lilo kowa ya sani ba a yi asara ba. Amma duk abin da fasinja zai karanta, na cikin daji ma zai karanta, su ma suna da waya, suna da masu kai musu rahoto. In aka rubuta cewa motoci biyar sun taso daga tasha yanzu, wa aka taimaka?" Ban sami abin cewa ba. Na tuna yadda ɗan kamashonmu ke juya baya ya rage murya in zai yi kiran nan, da yadda ba ya kiran kowa sai wanda ya san uwarsa da ubansa. Shekara da shekaru ina ganinsa yana haka, sai a daren na fahimci dalili.

Kwana uku muka yi. Mun hau Dala, mun shiga Kurmi na saya wa uwar yaran turaren wuta da abin da ya rage. Ranar komawa, kafin mu nufi tasha, na sa mai A Daidaita Sahu ya bi da mu ta wurin wasan. Na kai wa mai gadin sauran man shanun da na roƙa a wurin matar ɗan yayata, na nemi lambar wayarsa. Ya karanto mini ita a hankali, ɗiyata ta rubuta. Ya ce babban lilon ana sa ran gyara shi kafin babbar Sallah, in kira shi tukuna kafin mu kashe kuɗin mota.

A Gusau muka yi jiran awa biyu kafin ɗan kamasho ya buga bayan mota. Mun isa gida rana na gab da faɗuwa. Bayan kwana biyu maƙwabcina ya shigo da yamma, ya ce yaransa sun hana shi sakat tun da suka ji labarin doki mai juyawa, yana so ya san nawa zai tanada. Na ce ya zo mu je bayan makarantar firamare. Muka tsaya inda sabis ke kamawa, na danna lambar dattijon na miƙa masa wayar.